Unpaywall: Ƙaramin Kwaɗon da ke Buɗe Muƙalun Bincike Kyauta

Ɗaliban digiri na biyu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam sun san wannan takaicin: ka samo muƙalar da ta dace da babi na biyu na kundinka, ka karanta tsakurenta, sai mujallar ta ce ka biya dala talatin ko arba'in. Na daɗe ina amfani da Unpaywall a kan wannan matsala, kuma a ganina duk mai kwamfuta ya kamata ya saka ta.

'Yar manhaja ce da ake liƙa wa Chrome ko Firefox, kyauta, ta fito a 2017. Saka ta ba ya ɗaukar minti biyu. Da zarar ka buɗe shafin muƙala, takan karanta lambar DOI, wato lambar shaidar muƙalar, wadda kullum take farawa da 10, ta duba ko akwai kwafin halak a wani wuri, kamar rumbunan muƙalu na intanet irin su PubMed Central da arXiv, ko ma'ajiyar jami'ar marubucin. In ta samu, hoton kwaɗon ƙofa da ke gefen dama na allo zai zama kore, ka danna, PDF ya sauko. In ya zama toka-toka, babu.

Ga inda ake tuntuɓe. Sau da yawa abin da za ka samu shi ne rubutun marubucin bayan masu tantancewa sun amince da shi, kafin mujalla ta tsara shi. Bayanin ɗaya ne, amma lambobin shafi sun bambanta. In ka ɗauko magana kai tsaye ka sa shafin wannan kwafi, mai duba kundinka zai nema a mujalla ya rasa. Saboda haka shekara da juzu'i da shafuka a ɗauko su daga shafin mujallar. Haka kuma sababbin muƙalu kan makale, don wasu mujallu ba sa barin a saki kwafin sai bayan wata shida ko goma sha biyu. Mujallunmu na gida da ba su da DOI kuwa, ba ta ma ganinsu. Waɗannan sai AJOL, shafin da ke tattara mujallun Afirka. Chrome na waya ba ya karɓar irin wannan manhaja, kuma da waya yawancin ɗalibanmu suke bincike.

Za a ce ai Sci-Hub, shafin da ke raba muƙalu kyauta ba tare da izinin mujallu ba, ta fi ta kamu. Gaskiya ne a tsofaffin muƙalu, amma a 2017 wata kotu a New York ta ci ta tarar dala miliyan 15 bisa ƙarar kamfanin buga mujallu na Elsevier, ga shi adireshinta yana yawan canzawa, masu damfara suna buɗe na bogi. Ni dai hujjar masu neman a buɗe ilimi ta fi gamsar da ni: kuɗin al'umma ne ke biyan binciken, masu tantancewa ba a biyansu ko sisi, sannan a sayar wa jami'a abin da malamanta suka rubuta.

Idan kwaɗon ya ƙi yin kore, nemi imel ɗin marubucin a shafin muƙalar, ka rubuta masa layi uku da sunan muƙalar da DOI. Da yawansu sukan turo, don ba su da ko kwabo a kuɗin da mujalla take karɓa.