Range Rover Sport mai sufacaja: doki 510 da ke watsewa idan rana ta take

Da safe mota ce, da azahar kuma sai ka ce an ɗaura mata tirela a baya. Abin da Range Rover Sport ƙirar 2014, mai injin V8 lita 5.0 da sufacaja (famfon da ke tura wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi), ta yi ta yi ke nan a watannin farko da ta shigo hannuna, kuma saura ƙiris in rubuta mata sharhin da zai sa kowa ya guje ta. Beljiyom ce, ta Kwatano ta biyo, kuɗinta kuwa kun sani, ba sai na tayar wa kowa da hankali ba. Duk wanda ya sayi irin wannan mota ba kujerar fata ta ja shi ba. Doki 510 ɗin nan da kamfani ya rubuta a matsayin ƙarfin injin su suka ja shi, da siririn kukan nan da ke tasowa daga ƙarƙashin bonet idan an taka totur. To idan dawakin suna watsewa da zarar rana ta take, me aka saya ke nan?

Ga yadda ciwon yake, don mai irinta ya gane nasa. A tashin farko komai lafiya. Bayan tafiyar minti ashirin zuwa talatin a zafin Afrilu, musamman idan an ɗan tsaya a cunkoso sannan aka hau babban titi, sai ka taka ta ƙi zabura. Inji ba ya rawa, ba hayaƙi, allurar zafi tana nan a tsakiya ba ta motsa ba. Giya ce kawai ke ta sauka ƙasa tana neman ƙarfin da babu. Idan aka ajiye ta awa guda a inuwa, sai ta dawo hayyacinta kamar ba ita ba. Dillalin da ya sayar da ita cewa ya yi ai haka suke, sai an saba. Bakaniken farko ya canja fulogi takwas, ya wanke nozul, ya sa aka sayi sabon famfon mai, duk a banza. Daga ƙarshe ya yanke hukunci: sufacajar ta mutu, a nemo ta Beljiyom a ɗora. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a duk wannan hidima ko sau ɗaya bai haɗa motar da kwamfuta tana cikin tafiya ba. A tsaye yake duba ta, da safe, lokacin da lafiyarta ƙalau.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Sufacaja famfon iska ce da bel ke juyawa kai tsaye daga inji. Wadda ke kan wannan injin ƙirar Eaton ce, mai sanduna biyu murɗaɗɗu masu haƙarƙari huɗu-huɗu, kuma kowane zagaye tana tura iska kimanin lita 1.9 zuwa cikin inji. Iska kuwa idan aka matse ta zafi take yi. Iska mai zafi ba ta da nauyi, kuma tana sa fetur ya kama da wuta kafin fulogi ya ba shi izini, abin da ke cinye fistin. Saboda haka aka sa wasu ƙananan lagireto biyu a cikin murfin da ke saman sufacajar, iska tana ratsa su kafin ta shiga silinda. Ruwan da ke zagaya su yana da nasa lagireton a gaban mota, da nasa ɗan famfon mai aiki da lantarki, dabam da babban famfon ruwan inji. Idan wannan ɗan famfo ya tsaya, allurar zafi ba za ta gaya maka komai ba, domin ba ruwansa take aunawa ba. Kwamfutar motar ce ke ganin iskar ta yi zafi, sai ta jinkirta wutar fulogi, ta rage matsin iska, don ta ceci injin. Ƙarfin da ya ɓace ba lalacewa ya yi ba, ɓoye shi aka yi.

Gano shi bai ɗauki minti arba'in ba a hannun wanda ya san aikin. An maƙala na'urar bincike, aka buɗe shafin da ke nuna zafin iskar da ta fito daga sufacaja, aka hau titi da rana. Zafin gari yana digiri 41, iskar kuwa ta haye 80 tana ci gaba da hawa, ko an saki totur ba ta saukowa. Da aka dawo, aka ɗora hannu a kan famfon inji yana kunne: shiru, ba motsi. Aka cire soket aka auna, wuta bolt 12 tana zuwa daidai, fis lafiya. Da aka kwance famfon sai ga cikinsa ya toshe da tsatsa da farin dutse irin na gindin tukunyar shayi. Wani a baya, ko a can Kwatano ko a nan, ya riƙa ɗura mata ruwan rijiyar burtsatse. Ƙaramin lagireton gaba shi ma ya sha ƙurar hunturu da ciyawa da guntun leda, ta yadda ko fitila aka haska ta baya da ƙyar haske ke ratsowa.

Gyaran bai wuce wannan ba: sabon famfo, wanke hanyar ruwa har sai abin da ke fitowa ya yi fari tas, wanke lagireton da ruwa mara ƙarfi daga baya zuwa gaba don kada haƙoransa su lanƙwashe, sannan a cika da ruwan sanyaya inji na asali mai ruwan lemo, rabi shi rabi tataccen ruwa. Kada a gauraya shi da koren nan na galan da ake sayarwa a bakin titi. Wurin cikawa ne aka fi yin kuskure. Idan aka zuba ta tanki kawai aka rufe, iska takan maƙale a cikin lagireton saman sufacaja, sabon famfon ya yi ta juyawa a banza, ciwon ya dawo, a ce kayan jabu ne. Na'urar da ke zuƙe iska sannan ta ja ruwa ita ce ta dace. Idan babu, sai an yi haƙuri an sace iskar a hankali, a bar inji ya huce, a sake dubawa washegari. Bayan an gama, iskar nan da ke haye 80 ta dawo tana wasa tsakanin 52 da 60 a irin wannan ranar, kuma tana saukowa da zarar an ɗaga ƙafa.

Gaskiya a ranar na janye duk zagin da na tanada. Abin da ya bambanta sufacaja da turbo sai wanda ya taka zai gane. Turbo hayaƙin salansa take jira ya juya ta, saboda haka akwai ɗan numfashi tsakanin taka totur da zabura. Wannan babu jira, tunda bel ne ke jan ta, yadda ka taka haka take amsawa. Mota mai nauyin sama da tan biyu tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa biyar da 'yan kai. Amfaninsa na gaske ba tsere ba ne. Wuce tirela biyu a jere ne a hanya mai hannu ɗaya, inda kowace daƙiƙa da ka ƙara a hannun masu tahowa kasada ce. Giyar kamfanin ZF mai hawa takwas tana tafiya da injin kamar tare aka haife su.

Shi ya sa ban ga laifin masu son mota na Amurka ba da suka daɗe suna matsa wa kamfanoni su riƙa ɗora sufacaja tun daga masana'anta a kan a-kori-kura da jif. Ford ta gwada tun 1999 da SVT Lightning, Nissan ma ta yi a Frontier da Xterra a farkon shekarun 2000. Amma wutar ta kama sosai ne da Jeep ta fito da Grand Cherokee Trackhawk mai doki 707 a ƙirar 2018, Ram ta biyo da 1500 TRX mai 702 a ƙirar 2021, sannan Ford ta mayar da martani da F-150 Raptor R mai 700 a ƙirar 2023, shekarar da Cadillac Escalade-V mai 682 ita ma ta fito. Suna nacewa a kan ta kamfani ne saboda injin da aka ƙera don sufacaja dabam yake tun daga ciki. Wannan lita 5.0 ɗin misali ne a fili: wanda ba shi da sufacaja matsin silindarsa 11.5 ne, mai sufacaja kuwa an sauke shi zuwa 9.5 don ya iya ɗaukar ƙarin iskar. Ga hanyar sanyaya iska, ga kwamfutar da aka tsara ta san lokacin da za ta ja da baya. Ita ce ta ceci injin nan wata da watanni ana dukansa da iska mai zafi. Masu tambaya ko za a iya sayo sufacaja a ɗaura wa Tundra ko Land Cruiser a gareji, su lura da wannan. Toyota da kanta ta taɓa sayar da irin kayan a ƙarƙashin sashenta na kayan tsere, TRD, kayan da ke ɗaga Tundra mai lita 5.7 daga doki 381 zuwa 504, amma tare da nasa tsarin kwamfuta da na sanyaya iska yake zuwa, ba ƙarfe kawai ake ɗaurawa da noti ba.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Tunda an riga an buɗe aiki, sai aka ga ya fi a ɗaga sufacajar gaba ɗaya, domin a ƙarƙashinta da bayan inji akwai bututan ruwa na roba mai tauri, kuma duk robar da ta shekara goma tana gasuwa ba abin yarda ba ce. Ba su fashe ba tukuna, amma ba a jira su fashe, domin injin alminiyom ne sama da ƙasa, zafi ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa kan silinda. Akwai na alminiyom a kasuwa da ke maye gurbinsu, su aka sa, tare da sabon tamostat da gidansa. Wanda ya ce maka a cire tamostat saboda ƙasarmu da zafi, ka karɓi makullinka ka tafi. An kuma canja ɗan abin da ke haɗa fulin gaba da sandunan sufacaja, wanda idan ya tsufa yake ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani lokacin da inji ke tsaye ko ana kashe shi. Da yawa wannan ƙarar ce ke sa a ce musu sufacaja ta mutu, alhali abin bai cika tafin hannu ba. Man sufacajar kansa ɗan kaɗan ne, wajen mililita 150, na musamman ne, ba baƙin mai ake zubawa ba, kuma warinsa idan ya tsufa sai an toshe hanci. Kayan duka ba su kai kuɗin aikin ciwo ba, domin yini guda cur ake yi. Dole a toshe ramukan shigar iska da tsumma mai tsabta da zarar an ɗaga ta, noti ɗaya ya faɗa ciki an shiga uku. Gaskit sabo ake sawa, kuma a ɗaure da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtsen yaron shago ba.

Sannan ga shan mai, wanda shi ba gyaruwa yake ba. Sufacaja daga jikin inji take cin abincinta. Akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa ta sauke mata nauyi idan ana tafiya a hankali, amma duk da haka a cikin gari da na'urar sanyi kilomita huɗu zuwa biyar nake samu a lita, a doguwar hanya bakwai idan an kama kai. Tankin ya haura lita 100. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, cika shi ya zama abin da ake shawara da aljihu kafin a yi. Kuma fetur mai daraja 95 a ma'aunin oktan, wato jure matsi ba tare da kamawa da wuri ba, injin yake so, namu kuwa ma'auninsa 91 ne, idan ma an samu mai kyau. Motar za ta tafi da shi, amma kwamfuta tana rage wuta don ta kare fistin, wato ko da komai lafiya, ba duka doki 510 ɗin kake hawa ba a zafin bazara. Wannan yana ci min rai fiye da kuɗin gyaran, ka biya kuɗin abu cikakke kana amfani da saura. Ba a banza ba sabuwar Range Rover Sport da ta fito a 2022 ta koma V8 lita 4.4 mai turbo biyu, Tundra da Land Cruiser 300 su ma suka koma V6 mai turbo biyu.

Baƙin mai wajen lita takwas take sha, mara kauri irin wanda littafinta ya faɗa, kuma ba ta da sandar awo, a allon gaban direba ake dubawa bayan inji ya huta. Da ƙurarmu da zafinmu ban yarda a wuce kilomita 5,000 zuwa 6,000 ba a canja ba, domin sarƙar taimin ɗinta ba ta yafe tsohon mai. Matatun iska biyu ne, hagu da dama, a hunturu a riƙa duba su kowane wata.

Zan sake sayen irinta? Ranar da na wuce tirela, e. Ranar da na tsaya a gidan mai, sai in yi shiru. Wanda ya riga ya ƙudura, kada ya yarda da gwajin safe a filin dillalai. Ya je da ƙarfe biyu na rana da mai na'urar bincike, a yi tafiyar rabin awa cikakkiya ana kallon zafin iskar da ke fitowa daga sufacaja, sannan a buɗe bonet bayan ta huce a leƙa launin ruwan da ke cikin tanki, a haska fitila ta gefen sufacajar a nemi busasshen farin tabo a kan bututan da ke ƙasa.