Zhuozheng ko Wangshi: wane lambu za ka shiga a Suzhou?

Alhaji, ka ce idan ka gama haɗa kaya a Yiwu za ka biyo ta Shanghai, kana da yini guda ba aiki, kuma an ba ka shawarar ka leƙa Suzhou ka ga lambunan gargajiya na mutanen Sin. Kana tambaya babban za ka shiga ko ƙaramin. Ni dai ƙaramin zan ce, amma bari in ajiye maka su gefe da gefe. Zuwan ba wahala, jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum daga Shanghai cikin kamar rabin awa.

Babban shi ne Zhuozheng, ya ɗan haura hekta 5, babu kamarsa a garin. Wani jami'in daular Ming, Wang Xianchen, shi ya fara gina shi a 1509 bayan ya bar aikin gwamnati. Ruwa ne ya fi yawa a cikinsa: tafkuna, 'yan tsibirai, gadoji masu karkace-karkace, ga irin badon nan nasu mai faffaɗan ganye da ke rufe ruwan lokacin zafi. Akwai inda za ka tsaya ka hango hasumiyar wani tsohon haikali, ka ɗauka a cikin lambun take, alhali tana can cikin gari; da gangan aka bar mata sarari tsakanin bishiyoyi. Aibinsa ɗaya, cunkoso. Ayarin masu yawon buɗe ido ne bi da bi, kowane da jagoransa riƙe da tuta da lasifika. Wurin da aka gina don mutum ya zauna shiru, sai ka ga ana bin layi a kan gada.

Wangshi kuwa rabin hekta ne da ɗan ɗoriya, kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan. Ta wani siririn lungu ake shiga, in ba ka lura ba sai ka wuce ƙofar. Ya girmi Zhuozheng, don asalinsa tun ƙarni na 12 ne zamanin daular Song, kodayake fasalin da ake gani yau na ƙarni na 18 ne. Abin da ya sa na fifita shi, gidan mutum ne sukutum, ba lambu kaɗai ba. Za ka fara da ɗakin da ake sauke baƙo, ka wuce babban ɗakin ganawa da maigida, sannan benen iyali a can ciki, kamar dai zaure da shigifa da cikin gida. Daga nan wata 'yar ƙofa ta fitar da kai bakin tafki.

Tafkin ƙarami ne ƙwarai, amma dabarar maginan ta sa ba ka ganin haka. Sun lanƙwasa kusurwoyinsa suka ɓoye su a bayan duwatsu, sai ka zaci ruwan ya ci gaba. Gadar da ke gefe taku uku ce ko huɗu, ƙanƙantarta ke sa tafkin ya yi girma a ido. Manyan gine-gine an ja su baya, ƙananan rumfuna ne a bakin ruwa, ɗaya har da madubi a bango. Kowace taga da irin abin da take nuna maka, nan gora, can dutse mai ramuka. Wanda ya ratsa a gurguje zai fito cikin minti 20 yana cewa an cuce shi. Sai an zauna. Wani tsakar gida da ke yammacinsa shi aka kwaikwaya a gidan tarihi na Metropolitan a New York, aka buɗe a 1981.

Ta fuskar daraja ba wanda ya fi wani, duka biyun UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Kuɗin shiga Zhuozheng ya kai kusan ninki biyu na Wangshi. Wangshi yana da shirin dare daga wajen Maris zuwa Nuwamba, da kiɗa da wasan gargajiya daga ɗaki zuwa ɗaki, amma tikitinsa daban ne kuma ya fi tsada.

Idan da iyali za ka, ko hotuna kake so, Zhuozheng ya fi, ga gidan tarihi na Suzhou a maƙwabtansa. Kai da kake kai kaɗai, da gajiyar kasuwa a jikinka, ka isa Wangshi da zarar an buɗe da safe. Ka riƙe fasfo don sayen tikiti, kuma kada ka kuskura ka je a makon farko na Oktoba ko farkon Mayu, hutun ƙasa ne, ko ƙaramin ma ba masaka tsinke. Abincin rana ka nemi shagon taliyar Lanzhou, galibi Musulmi ne ke da su.