SSD a sabuwar kwamfuta: saurin na gaske ne, amma a gama shiri tun daga gari

Kayan da nake sharhi a kansa SSD ne, wato ma'ajiyar fayiloli da ke maye gurbin hadis, irin NVMe mai 512GB, na matsakaicin kuɗi, wanda aka ɗora wa Windows 11 a sabuwar laftof mai Intel na ƙarni na 11 da RAM 8GB. Tana aiki ne a shagon buga takardu da cike fom ɗin ɗalibai a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Hukuncina kai tsaye: kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kwamfutar na tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi, Word da burauza suna buɗewa nan take, babu wannan ƙugin na tsohon hadis. Inda ake shan wuya shi ne wajen ɗora Windows ɗin, kuma kusan duk wuyar daga rashin shiri take fitowa, ba daga SSD ba.

Tun wajen saye ake fara kuskure. SSD mai kama da ƙaramin hadis, na inci 2.5, SATA ne, iyakarsa wajen 550MB a daƙiƙa. Siririn nan kuwa M.2 ake ce masa, kuma shi ma kashi biyu ne: akwai M.2 SATA, akwai M.2 NVMe wanda ke kai 3,500MB a daƙiƙa a kan PCIe 3.0. Duba bakinsa: na SATA yawanci tsaga biyu gare shi, na NVMe tsaga ɗaya. Wani ramin M.2 ɗin iri ɗaya kawai yake karɓa, sai ka ga SSD ya zauna daram amma kwamfuta ba ta san da shi ba. Nemi lambar samfurin kwamfutar a bayanta ka bincika kafin ka biya. Lambar 2280 da ke jikin kwali ma'auni ce, faɗi milimita 22, tsayi 80, kuma ita ce ta fi yawa.

Sa shi ba wani aiki ba ne. Kashe kwamfuta, cire caja, in ka buɗe bayanta ka zare igiyar batir daga madabod. Lokacin hunturu ka taɓa ƙarfe tukuna, don busasshiyar iska tana tara wa jiki wutar nan mai ɗan tsikari, ita kuwa tana iya kashe kaya. Zura SSD a karkace, kamar digiri 30, danna shi ƙasa, ɗaure da ɗan sukurunsa. Wannan sukurun sau da yawa ba ya zuwa a kwalin SSD, saboda haka ka karɓo shi wajen mai shago. Kada ka yarda da selotef.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ga mutumin karkara. Sababbin laftof da yawa da ake sayarwa a Kano da FreeDOS suke zuwa, wato babu Windows. Fayil ɗin Windows 11 ya haura 5GB, kuma da sabis ɗin da ke zuwa yana tafiya, saukar da shi a ƙauye ɓarnar data ce kawai. A Kano ko Dutse, ko duk inda sabis yake da ƙarfi, za ka haɗa komai. Kana bukatar filash mai aƙalla 8GB, wanda babu abin da kake so a ciki, don za a share shi kakaf. Ɗauko fayil ɗin daga shafin Microsoft, ka rubuta shi a filash da manhajar Rufus, ka zaɓi GPT da UEFI. Kwafe fayilolin da hannu ba ya yi, domin akwai guda a cikinsu da ya wuce 4GB, filash mai tsarin FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai haka. A filash ɗin, ko a wani daban, ka zuba direba uku, wato manhajojin da ke sa Windows ya gane kayan aiki, daga shafin kamfanin da ya ƙera kowane kaya: direban Intel RST, direban waifai, da na firintar shago. Rufus kuma yana da wurin da za ka yi wa alama ya cire sharaɗin shiga da asusun Microsoft. Yi masa alamar, in ba haka ba Windows zai tsaya a tsakiyar hanya yana neman intanet, alhali direban waifai ɗin ma bai hau ba.

Sai wuta. Laftof a cika batirinta, shi ke nan. Destof kuwa kada a fara sai da UPS ko inbata mai caji, ba janareta mai tari ba. In wuta ta ɗauke ana cikin kwafe fayiloli, sai dai a sake daga farko. In kuwa ana sabunta BIOS ne, wato manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta, ta ɗauke, madabod ɗin kansa ke shiga haɗari, don haka ni ban ga dalilin taɓa sabunta BIOS ba sai da wata matsala takamaimai.

Kunna kwamfuta ka shiga BIOS: F10 a HP, F2 a Dell. Tabbatar tana kan UEFI, a kunna Secure Boot da TPM, wani sashen tsaro wanda Windows 11 ke bukatar na 2.0. A wasu injinan Intel sunansa PTT, a na AMD fTPM, kada ka ce babu shi don ba ka ga kalmar TPM ba. Ka fito, ka danna F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo ka zaɓi filash.

A nan ne aka fi tsayawa. Ka zo inda za ka zaɓi wurin ɗora Windows, sai ka tarar da fili fetal, babu SSD. Mutane da yawa a nan suke yanke cewa an sayar musu da mataccen kaya, su ɗauki mota su koma kasuwa da faɗa. SSD ɗin lafiyarsa ƙalau. Daga ƙarni na 11 zuwa sama, Intel na da wani tsari mai suna VMD da ke shiga tsakanin SSD da Windows, kuma filash ɗin sau da yawa ba ya ɗauke da direbansa. Danna Load driver, ka nuna masa foldar Intel RST da ka tanada, amma sai ka warware ta tukuna, ba ya karanta fayil a ƙunshe. Nan da nan SSD zai bayyana. In BIOS ɗinka yana da wurin kashe VMD ko komawa AHCI, wannan ma mafita ce, sai dai a yi ta kafin ɗora Windows. Wanda ya canza bayan an gama, allon kuskure zai tarbe shi, Windows ya ƙi tashi.

Tsayawa ta biyu ita ce Windows ya ce ba zai hau ba saboda SSD ɗin na kan tsohon tsarin MBR, ba GPT ba. Danna Shift da F10, rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk da lambarsa, sai clean, sai convert gpt. Duba girman da kyau kafin clean, don filash ɗinka ma yana cikin jerin, kuma clean ba ya tambaya sau biyu. In akwai tsohon hadis a cikin injin, cire shi har a gama. Windows kan ajiye fayilolin tashi a kansa, ranar da hadis ɗin ya mutu kwamfuta ta ƙi tashi alhali SSD na nan garau.

Zaɓi filin da ba a raba ba ka bar Windows ya yanka da kansa. Zai fitar da ƙananan fatishan na tashi da na gyara, kada ka goge su. Da filash mai USB 3.0, kwafewar ba ta cika wuce minti 15 ba. Da ta sake tashi karo na farko, zare filash. Za ka ga 476GB maimakon 512GB. Ba cuta ba ce, kamfani da dubu yake lissafi, Windows da 1,024.

Bayan an hau, sa manhajar CrystalDiskInfo mai nuna lafiyar SSD. Sabon SSD awanninsa na aiki kaɗan ne ƙwarai. In ka ga dubbai, na hannu aka sa maka a sabon kwali. Nan ma za ka ga zafinsa, abin da ya shafe mu sosai. A watan Afrilu da Mayu, shago mai rufin kwano a Jigawa, zafin waje kansa yana wuce digiri 40. NVMe in ya haura wajen digiri 70 yakan rage gudu don kare kansa. Ɗaga bayan laftof daga tebur, kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, a riƙa hure ƙura daga fanka. In ka shiga da asusun Microsoft, duba ko BitLocker, tsarin Windows mai kulle fayilolin SSD, ya kunna kansa, ka rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda ka adana.

Abin da ban yaba ba guda biyu ne. Irin wannan mai sauƙin kuɗi ba shi da DRAM, wato ɗan RAM na cikin SSD, kuma saurin rubutunsa na ɗan lokaci ne: kwafe bidiyon biki mai 50GB ko fiye, za ka ga ya fara da gudu, can sai ya ja baya sosai. Mai buga takardu ba zai taɓa lura ba, amma mai tace bidiyo ko mai tura wa mutane fina-finai a waya gara ya ƙara kuɗi ya sayi mai DRAM. Haka kuma in ya cika maƙil nauyi yake yi, a bar masa kamar kashi 15 cikin ɗari. Na biyu, SSD ba ya gargaɗi da ƙara irin na hadis, ranar da zai tafi shiru yake tafiya, kuma ceto fayil daga cikinsa ya fi wuya. Takardun kwastomomi da hotunan fasfo a riƙa kwafe su a hadis na waje duk mako. Mai 128GB kuwa ban ba kowa shawararsa ba, Windows da sabunta-sabuntansa da Office za su cinye babban kaso. 256GB ne mafi ƙanƙanta, shago kuma ya tsaya a 512GB.