DPC na Windows da softirq na Linux: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko DPC na Windows shi ne workqueue na Linux, tunda duka aiki ne da ake ɗagawa zuwa an jima. A'a. Takwaran DPC (Deferred Procedure Call, hanyar Windows ta jingine aikin katsewa) shi ne softirq da tasklet, hanyoyin Linux na yin hakan.

Kanel ɗin biyu, wato zuciyar kowanne daga cikin tsarukan, suna farawa iri ɗaya. Katin sadarwa ya katse furosesa, direba (manhajar da ke sarrafa na'urar) ya yi abin gaggawa kawai, ya shaida wa na'urar an ji ta, ya jingine sauran aikin. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce: aikin da aka jingine yana da ikon yin barci ya jira wani abu?

A Windows, komai yana tafiya da matakan IRQL, wato matakan fifikon da ke nuna abin da zai iya katse wani. DPC yana gudana a mataki na 2, inda mai rabon lokacin furosesa ba ya iya sauya zare (thread, wato layin aiki guda) a kan wannan furosesan. Saboda haka ba ya jira, ba ya taɓa memorin da aka iya kwashewa zuwa faifai. In ya taɓa, sai shuɗin allo, wato Windows ta tsaya cak. Microsoft ta ba da shawarar kada DPC ya wuce mikrosakan 100. Direban Wi-Fi ko na katin hoto da ya ƙetare wannan shi ne yakan sa sauti ya riƙa tsinkewa, domin zaren sautin, komai fifikonsa, dole ya tsaya. Masu haɗa sauti kan gano mai laifin da manhajar LatencyMon. Aikin da ke buƙatar barci kuwa ana miƙa shi ga zaren tsarin da ke mataki na 0, kuma wannan ne ya yi daidai da workqueue.

Softirq ma ba ya barci. Amma a nan Linux ya burge ni: idan fakitocin bayanan sadarwa suka yi ambaliya, bayan zagaye 10 ko milisakan 2 yakan tura ragowar ga ksoftirqd, zare na yau da kullum da ke bin layi kamar kowa. Buɗe top, manhajar da ke nuna ayyukan da ke gudana, a sabar da ke shan cunkoso, za ka gan shi yana cin furosesa. Tasklet kuwa kada ka gina sabon direba a kansa. Ana ƙoƙarin kawar da shi. Tun sigar Linux 2.6.30 a 2009 akwai damar mayar da aikin katsewa cikin zarensa, kuma PREEMPT_RT, tsarin rage jinkiri da ya shiga babban reshen Linux a sigar 6.12 a 2024, yana yin haka ga kusan dukkan katsewa. FreeBSD, wani tsarin kwamfuta daban, ta bi wannan hanya tun sigar 5.0. Windows ma tana da DPC mai zare tun Vista, sai dai direba ne ke zaɓar amfani da shi.

In direban Windows kake kawowa Linux, fara da request_threaded_irq, kiran da ke mayar da aikin katsewa cikin zarensa, ka koma softirq sai in awo ya nuna jinkirin ya yi yawa.