Kulon ko imej: wanne ya dace da mai faifan waje ɗaya tak?

Wani ɗan uwa ya yi tambaya: faifan kwamfutarsa 500GB ne, kayan ciki sun kai 300GB, faifan waje kuwa ɗaya gare shi mai 1TB. Don ajiye kwafin faifansa saboda tsaro, kulon zai yi ko imej?

Kulon tagwayen faifanka ne. Manhaja irin Clonezilla tana kwashe komai, har da ɗan ɓangaren EFI wanda kwamfuta ke tashi da shi. Ranar da na ciki ya mutu, sai ka kwance bayan kwamfutar, ka zare shi, ka saka tagwayen, aiki ya ci gaba. Amma fa sai in faifan zai shiga ramin. Da yawa daga cikin ƙananan faifan waje, in ka buɗe kwanson, za ka tarar bakin USB a manne da allon, babu bakin SATA da ake haɗa faifan ciki da shi, kuma Windows ba ta cika yarda ta tashi ta USB ba. Masu kwamfutar Mac mai masarrafar M1 zuwa sama su ma su sani: idan ma'ajiyar ciki ta mutu murus, na waje ba zai tashe ta ba.

Babbar illar kulon a wurinka, ɗan uwa, ita ce cin wuri. Kulon yana goge duk abin da ke kan faifan da za a zuba shi, ya bar maka kwafi ɗaya rak. Idan fayil ya lalace ranar Litinin, ko manhajar garkuwa da fayiloli ta kulle shi, ka sake kulon ranar Juma'a ba ka lura ba, to ɓarnar ka kwafa, mai kyaun ya tafi.

Imej kuwa dunƙule faifan ake yi cikin fayil, a matse shi, a tsallake inda babu komai. Windows za ta nuna maka 1TB ɗinka a matsayin 931GB, kenan cikakken imej biyu za su zauna da sauran sarari. Kada ka sa rai da matsewa sosai in bidiyo da hotuna suka fi yawa, don dama a matse suke. Imej ba ya tashin kwamfuta da kansa: sai ka sa sabon faifai, ka tashi da filashar ceto, wato filasha mai ɗauke da manhajar mayar da imej, ka jira a zuba. Haɗa filashar nan tun yau, ka gwada ta tashi.

Kai imej ya fi dacewa da kai. Yi cikakke sau ɗaya a wata, tsakani ka riƙa ɗora abin da ya sauya kawai, in manhajarka tana yin haka, kamar Macrium Reflect. Kada sarƙar ta yi tsawo, domin guda ɗaya in ya lalace, duk waɗanda suka biyo bayansa sun tashi aiki. Kar ka goge tsoho sai sabo ya kammala, ka kuma sa manhajar ta tantance shi.

Idan BitLocker, makullin sirri na Windows, a kunne yake, Clonezilla za ta kwashe ɓangaren da ya kulle gaba ɗaya, cike da fanko, kuma ba zai matsu ba. Rubuta mabuɗin ceton BitLocker mai lamba 48 a takarda. Da ka gama, zare faifan wajen daga kwamfutar.