Hattara da mai sayar da kayan haɗa jita da fenti "daga Amurka"

Assalamu alaikum jama'a. Wannan gargaɗi ne ga masu sha'awar haɗa jitar lantarki da hannunsu, da kafintocin da ake kai wa irin wannan aiki, da duk wanda ƙaninsa ya dame shi da a tura kuɗi a sayo masa kayan haɗi. Akwai wani mutum da ke talla a Facebook, ciniki kuma sai a WhatsApp. Yana sayar da gangar jita da wuyanta waɗanda ba a yi wa fenti ba, haɗe da rini da ruwan ƙyalli, wai duk daga Amurka. Ba zan kama sunansa ba, don sunan ma ba nasa ba ne, sau biyu yana canza shi tun da na san shi. Yadda yake cin mutane zan faɗa, don shi ne ba ya canzawa.

Ni dai na daɗe ina son jita mai irin launin nan da ake ganin zanen itace ta cikinsa, ja a tsakiya, gefe-gefe ya yi duhu. Hoton da ya saka kuwa shi ne mafarkina: baya mahogani, fuska kuma itacen mefil mai ratsi-ratsi kamar bayan damisa. Ya ce da kwalba uku na rini, da gwangwani biyu na naitiro, wato ruwan ƙyallin naitiroselulos da ake fesa wa jita, da tina ta tsinka shi. Na tura kuɗi gaba ɗaya. Sunan da ke kan asusun daban da na shafin, na tambaya, ya ce na matarsa ne. Bayan kwana biyar direba ya kira ni na je tasha a nan Kaduna na karɓi kwali.

Kafin in ɗora masa nasa laifin, bari in ɗauki nawa, domin a nan dabararsa take.

Ban gwada rinin a kan guntun katako ba, kai tsaye na hau kan jitar. Na goge ta da sanfefa mai kaushi, mai lamba 120, a wuraren lanƙwasa kuma na bi ta kwance maimakon in bi tsawon zanen itacen. Ido bai ga komai ba sai da rini ya hau, sannan kowane ƙarzo ya fito baƙi ƙirin kamar an yi rubutu da ƙusa. Ƙasan gangar da kan ƙahonninta, inda aka yanke jijiyar itace, suka sha rini fiye da ko'ina suka yi duhu, don nan wurin kamar bakin tsinken zuƙar lemo yake, zuƙa kawai yake yi. Kusa da ramin wuya akwai shatin babban yatsana fari fes, gam ne ya taɓa wurin ban lura ba, kuma rini ba ya shiga inda gam ya bushe. Na yi feshi a watan Agusta, da la'asar, bayan an ɗauke ruwa. Na labta shi da kauri don ina son in ga ƙyalli a ranar, ya gangaro ya yi hawaye a gefe. Duk waɗannan nawa ne, ban da wanda zan zarga.

To sai na ɗauki hotuna na tura masa. Cikin minti biyu ya amsa, da ladabi kamar malamin makarantar allo mai haƙuri. "Yallaɓai, kayan ba su da matsala, hannunka ne bai faɗa ba tukuna." Ya nuna mini ƙarzon sanfefa, ya nuna mini shatin gam, ya ce damina ba a feshi. Kuma gaskiya ya faɗa! Wannan ne ya kashe mini jiki. Mutumin da ya gaya maka gaskiya uku, ta huɗu ko ƙarya ce za ka haɗiye. Ya ce maganin shi ne wata sila ta musamman, wato ruwan toshe ƙofofin itace, da zan fesa a kai ta daidaita komai, saura kwalba biyu kacal a hannunsa. Na sake tura kuɗi.

Na fesa silar da safe. Kafin in wanke hannu, fuskar jitar ta tattare ta yamutse kamar fatar ƙadangare. Na sake tura hoto. Ya ce ai ban jira ta bushe ba, yanzu sai an sayi ruwan cire fenti, shi ma yana da shi. A nan ne matata ta ce, "Wai wannan jitar asibiti aka kwantar da ita ne, kullum sai an sayo magani?"

Na naɗe ta a tsohon zani na nufi kasuwar Panteka wurin wani dattijo mai fentin mota da nake kai wa babur. Ya juya ta, ya auna nauyinta a hannu, bai ce komai ba. Ya ce in kawo gwangwanin. Ya buɗe, ya shinshina, ya dube ni.

"Ɗana, wa ya sayar maka da wannan?"

"Baba, naitiro ne, daga waje."

"Wajen gari dai."

Ya ɗauko fasasshen gilashin mota, ya ɗiga nawa a gefe guda, ya ɗiga nasa ruwan selulos na shago, wato naitiro na gaske, a ɗaya gefen. Muka zauna aka kawo shayi. Kafin kofi ya huce nasa ya bushe, kana taɓawa ba ya kama yatsa. Nawa yana nan danƙo-danƙo, kuma haka ya kwana. Washegari ya jiƙa tsumma da tina ya goga: nasa ya narke ya bi tsumman, nawa ya tattare irin tattarewar da na gani a jitar. Ya ce banish ne na mai, irin na ƙofa da benci, an tsinka shi da kananzir don ya yi yawa. Shi ya sa warinsa yake kamar na fitilar ƙwai, ba irin warin tina mai hawa kai ba.

Ga yadda abin yake, kuma kowa zai iya gwadawa a gida da ruwan goge jan farce mai asiton. Naitiroselulos bushewarsa ta hanyar tashin tinar da ke cikinsa ce kawai, don haka ko bayan shekaru ka ɗiga masa tina zai sake narkewa. Shi ya sa kowane shafi yake narkewa cikin na ƙasa su zama fata ɗaya, kuma shi ya sa gyaransa yake da sauƙi. Banish na mai kuwa da iska yake haɗuwa ya ƙanƙare a hankali, ba ya komawa ruwa. Idan ka fesa abu mai tina a kan banish ɗin da bai gama ƙanƙarewa ba, tinar za ta kumbura shi ya tattare. Wato silar da ya sayar mini a karo na biyu sila ce ta gaske, irin wadda ke kowane shagon fenti a kasuwa, kuma duk wanda ya san fenti ya san abin da za ta yi a kan abin da ya sayar mini a karo na farko. Da gangan ya yi, don a zo saye na uku.

Ni da nake ganin naitiro wani sirri ne na Turawa, ashe fentin mota ne tun asali. Kamfanin DuPont ne ya fito da shi da sunan Duco a shekarun 1920 don motoci, kamfanin Fender kuma a shekarun 1950 da 1960 launukan motoci yake ɗauka yana fesa wa jitocinsa, kafin ya koma fentin foliyesta a ƙarshen shekarun 1960. Kamfanin jita na Gibson har yau da naitiro yake aiki. Baba bai taɓa riƙe jita ba, amma shekara da shekaru yana fesa ɗan'uwan wannan ruwa. Da na fara zuwa wurinsa da ban yi asarar sisi ba.

Akwai kuma ƙaryar da ya kamata in gane tun ranar farko. Ya ce wansa ne yake zuwa masa da gwangwanayen a akwati ta jirgi. Fenti mai kama wuta irin wannan ba a yarda fasinja ya saka shi a kaya ba, ko na hannu ko na cikin jirgi. Gwangwanin ma ba sunan kamfani, ba adireshi, ba lambar rukuni, ba alamar wuta. Takarda ce kawai aka buga a shagon kwamfuta aka liƙa, da tutar Amurka a kusurwa.

Sai itacen. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Baba ya ce a kankare komai a koma farko. Muna gogewa, ratsin damisar nan ya fara bin sanfefa yana tafiya, ƙasansa fari sol. Da farko na zaci na cinye fallen mefil ɗin ne, don na kan gangar jita masu araha siriri ne ƙwarai, kuma sabon shiga yakan huda shi. Amma ƙurar da ke fita ba ta itace ba ce, gefen kuma yana ɗagowa kamar leda. Hoton itace ne aka buga aka manna. Nan na gane dalilin da ya sa rinin fuskar ya ƙi shiga, yana kwanciya a sama ina gogewa yana fita, abin da mutumin ya ce wai maiƙon hannuna ne. Ratsin gaske yana da rai: ka jiƙa shi kaɗan ka karkata shi a rana, za ka ga ratsin yana motsi, mai haske ya koma duhu, mai duhu ya yi haske. Na bugu duk yadda ka juya shi yana nan yadda yake.

Bayan kuma da aka ce mahogani, rina shi aka yi. Ramin wuya da ramukan da ake saka maganaɗisun ɗaukar sauti duk an shafe su da baƙin fenti, ya ce wai na hana ƙarar lantarki ne. Baba ya sa bakin wuƙa ya kankare kaɗan, sai ga farin katako, gunduwa biyar an haɗa da gam. Ya kira wani kafinta maƙwabcinsa, yana gani ya ce malaina ce. Ba ina kushe malaina ba, ana iya yin jita da ita ta yi sauti. Amma a sayar mini da ita da sunanta da kuɗinta.

Abin haushi, mahoganin Afirka da masu ƙera jita a Turai da Amurka suke saye dangin maɗacinmu ne, wanda muke zama a inuwarsa. Afara kuma da ke jibge a kasuwar katako shi ne suke kira korina, da shi Gibson ya yi Flying V da Explorer a 1958, jitocin da yau sai mai hannu da shuni. Itacen yana bayan gidana, na tura kuɗi Legas a aiko mini hotonsa.

Da na tura masa bidiyon ledar tana ɓarewa, ya karanta, bai amsa ba. Da yamma hotonsa ya ɓace, lambar ba ta shiga. Na kai ƙara banki da shaidar tura kuɗi da hotunan hirarmu, na kuma kai rahoton shafin. Wani abokina ya saka hoton tallar a Google Lens, manhajar nan mai neman inda hoto ya fito, sai ga shi a shagon wani mai sayar da kayan jita a ƙasar waje, har labulen da ke bayan gangar iri ɗaya. Kafin ya goge sharhina a shafin, mutum biyu sun same ni ta akwatin saƙo. Labarinsu kamar an kwafa daga nawa, har kalmar "hannunka ne bai faɗa ba". Ɗaya sau huɗu ya tura kuɗi, kuma har ranar da muka yi magana yana ganin shi ne bai iya ba, yana jin kunyar faɗa wa kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma wannan mutum ya san duk sabon shiga bangonsa a tsage yake.

Don haka in za ka saya a wurin wanda ba ka sani ba, ka ce ya ɗauko maka bidiyo a ranar, da takarda mai sunanka a gefe, ya nuna cikin ramin wuya ba fenti, ya jiƙa fuskar ya karkata ta a haske. Ka nemi sunan kamfanin fentin da hoton gwangwanin ta kowane gefe. In ya fara "ba ka yarda da ni ba ne", ka riƙe kuɗinka. In kaya sun riga sun zo, ɗigo ɗaya a gilashi da guntun katako su fara ɗanɗanawa kafin jitarka.

Baba ya tsara mini yadda zan yi a gaba. A gama da sanfefa 220 bisa tsawon zane. In rinin na ruwa ne a jiƙa itacen tukuna, gashinsa ya tashi, a goge, sannan a rina. Itace mai manyan ƙofofi irin maɗaci sai an cike ƙofofin, in ba haka ba ƙyallin zai yi ramuka-ramuka kamar fuskar mai zanzana. Feshi siriri-siriri, kamar uku a rana, ranar da iska ba ta da laima, don laima ce take maƙalewa a ciki ta sa fenti ya yi fari kamar hazo. Sannan a rataye ta a manta da ita mako uku zuwa huɗu, kafin a bi ta da sanfefar ruwa daga 800 har 2000, ana kiyaye kada ruwa ya shiga ramukan kusoshi ya kumbura itacen. Ya kuma yi mini faɗa sosai da ya ji a ɗaki na yi feshi da takunkumin takarda, ga risho a tsakar gida. Ya ce a fili ake yi, nesa da wuta da janareta, da takunkumi mai matatar sinadari.

Yanzu haka ina da guntun maɗaci da kafintan nan ya zaɓa mini, yana jingine a shagonsa yana ƙara bushewa. Ta bogin kuma mun fesa mata baƙi, ta rufu, tana kaɗuwa ba laifi.

Shekaranjiya tallar ta sake faɗo mini a waya. Sabon suna, sabuwar lamba, gangar nan mai bayan damisa a gaban labulen nan dai. Ya ƙara kuɗi, kuma an rubuta a ƙasa cewa saura guda biyu.