Takardar haya suka nema, ba sunan kakana ba

Assalamu alaikum jama'ar gida. An daɗe ana matsa mini in rubuto labarin tsadar rayuwa a Amurka, nawa ne haya, nawa ne shinkafa, da gaske ne ba a ɗauke wuta. Zan zo kansu. Amma akwai abin da ya tokare mini ƙirji tun lokacin da babbar 'yata ta samu gurbin karatu a jami'a a nan jihar Ohio, sai na fitar da shi tukuna.

A jami'o'in gwamnati na ƙasar nan kuɗin makaranta iri biyu ne, na ɗan jiha da na wanda ba ɗan jiha ba, kuma a babbar jami'ar da ke Columbus bambancin ya kusa ninki uku. Ina jin haka gabana ya faɗi, don wannan karatun na san shi tun daga gida. Na tafi ofishin da ke tantance ɗalibai na samu wata dattijuwar Baturiya da tabarau a ƙarshen hanci. Ta karɓi lasisin tuƙina, da takardar hayar gida, da takardar harajin da na biya wa jihar bara, ta duba katin zamanmu, wato girin kad. Gudun kada gobe a ce na ɓoye wani abu, sai na ce mata mu fa daga Najeriya muke, yarinyar ma can aka haife ta. Ta ɗago ta dube ni, ta ce ita ba ta tambaye ni wannan ba, doka dai ta ce wata 12 da zama a jihar, kuma mun wuce haka. Ta ɗan taɓa kwamfuta, ta miƙo mini takarduna, ta kira na bayana. Shi ke nan fa, 'yata ta zama 'yar jihar Ohio. Babu dagaci, babu mai unguwa, babu sa hannun ciyaman, babu na goro.

Ku fahimci me ya sa abin ya girgiza ni. Kakana ya bar ƙasar Kano ya tafi Jos haƙar kuza tun zamanin Turawa. Can aka haifi mahaifina, can aka haife ni, kuma can aka binne su duka biyun. Da na gama sakandare na je neman takardar indijin, aka ce ni baƙo ne, in tafi garinmu. Na hau mota na nemi ƙauyen da aka ce daga nan kakana ya fito. Dagaci ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka dama mini fura, sannan ya ce, "Yaro, ka yi haƙuri, ban san gidanku ba. Waɗanda suka san kakanka duk sun riga mu gidan gaskiya." Yadda aka yi takardar ta samu daga baya ba sai na faɗa ba, kowa ya san hanyar.

Kada wani ya ɗauka ina cewa na shigo aljanna. Su ma Amurkawa yanzu haka suna ta cacar baki a kan wannan tambaya: wane ne Ba'amurke, wanda ya gaji ƙasar daga kakanni, ko duk wanda ya yarda da aƙidar da aka kafa ta a kai? A watan Yulin 2024, wajen babban taron jam'iyyar Republican a Milwaukee, JD Vance, wanda ɗan jiharmu ta Ohio ne kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ya ce Amurka ba aƙida ce kawai ba, al'umma ce mai tarihi ɗaya. Ya kawo misali da maƙabartar danginsa a tsaunukan gabashin Kentucky, ya ce in aka binne shi da 'ya'yansa a wurin, zuriya bakwai ke nan a ƙasa guda, kuma mutum gidansa yake yi wa yaƙi, ba ra'ayi ba. Iyayen matarsa Usha daga Indiya suka zo, amma wannan bai hana shi faɗa ba.

Gaskiya da na saurare shi ban yi masa dariya ba. Wane Bahaushe ne bai san darajar tushe ba? Mu da ba ma ba da aure sai an binciki asali. A masallacinmu na nan duk lokacin da aka yi rasuwa sai gardama ta tashi, a kai gawa gida ko a binne a nan. Dattawa su ce gida, 'ya'yan mamacin da aka haifa a nan su ce to mu wa zai kai mu ziyara? Kuma kabarin ma saye ake yi, dubban daloli, sai an kewaya da kwano bayan sallar Juma'a kafin a haɗa. Wanda ya saba da maƙabartar unguwa, inda matasa ke ɗaukar diga da shebur su haƙa don Allah, ranar da aka miƙo masa takardar farashin kabari sai ya ji kewar gida ta kama shi har wuya.

Inda na rabu da Vance shi ne na taɓa ganin yadda ake awo da wannan mudun. Ni ma ina da kaburbura biyu a Jos, me suka tsinana mini? Tarihin ƙasarsu ma haka ya nuna. Tun 1619 aka sauke 'yan Afirka a Virginia, suka yi ta noma taba da auduga ana binne su a ƙasar, amma a 1857 alƙalin alƙalai Roger Taney ya yanke hukunci a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Ƙabilun da Turawa suka tarar a wurin, waɗanda babu mai kabarin da ya girmi nasu, sai 1924 aka ba su zama 'yan ƙasa baki ɗaya. Akwai ma wani ɗan Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, da ake kira Nicholas Said, wanda bauta ta bi da shi ta Tarabulus da Santambul da Rasha kafin ya iso Amurka. A 1863 ya sa kakin soja a runduna ta 55 ta Massachusetts lokacin yaƙin basasarsu, shekara 22 kafin kakan Donald Trump ya sauka daga Jamus a 1885. In dai lissafin daɗewa ake yi tsakani da Allah, wa ya riga wa? Mai riƙe da mudun shi ke zaɓar kaburburan da za a ƙirga.

Ɗaya ɓangaren kuma Abraham Lincoln suke kamawa. A wani jawabi a Chicago a 1858 ya ce Jamusawa da 'yan Ireland da sauran baƙin da ba su haɗa jini da waɗanda suka kafa ƙasar ba, muddin suka riƙe maganar sanarwar 'yancin kai ta 1776, cewa an halicci mutane daidai wa daida, to tamkar jininsu ɗaya ne. Magana mai daɗi. Sai dai Thomas Jefferson da ya rubuta ta ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa, kuma dokar farko ta ba wa baƙo zama ɗan ƙasa, ta 1790, fararen fata 'yantattu kaɗai ta amince da su. Da jini aka samu gyara na 14 a kundin tsarin mulki a 1868, wanda ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, kuma sai dokar shige da fice ta 1965 ce ta buɗe wa irinmu ƙofa sosai. Wato alkawari ne aka rubuta ba a cika ba, waɗanda aka ware suka riƙa ɗaga takardar suna cewa ga sa hannunku. Dattijuwar nan mai tabarau ba don tana ƙaunata ta yi mini aiki ba, ko murmushi ba ta yi ba. Waɗancan mutane ne suka biya kuɗin abin da na samu a ɓagas.

A ofis ke nan. A titi labarin daban ne. Ina ɗan taɓa tuƙin haya da dare, kuma in fasinja ya ce daga ina nake na ce Columbus, sai ya ce a'a, asalina yake nufi. Yawancinsu son sani ne kawai, wasu har sun san Kano a taswira. Amma an taɓa yi wa maiɗakina ihu a gidan mai saboda hijabinta, cewa ta koma inda ta fito. A 2019 Trump da kansa ya faɗa wa 'yan majalisa mata huɗu irin wannan magana, alhali uku a Amurka aka haife su, Ilhan Omar ce kaɗai haifaffiyar Somaliya. A ranar 20 ga Janairun 2025 ya sa hannu kan umarnin hana zama ɗan ƙasa ga jariran da iyayensu ba su da takarda ko suke kan bizar wucin gadi, kotuna suka taka masa burki, magana ta kai Kotun Ƙoli. A cikin shekarar dai mutanen New York suka zaɓi Zohran Mamdani magajin gari, Musulmi haifaffen Kampala da bai zama ɗan ƙasa ba sai 2018. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya.

To mu dawo gida, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk lokacin da aka wulaƙanta baƙar fata a Amurka sai mu cika Facebook da Allah wadai. Ɗan Ibo da aka haifi kakansa a Sabon Garin Kano, yana Hausa kamar jakin Kano, yana biyan kuɗin shago da haraji, me muke kiransa? Baƙo. In ɗansa ya shiga jami'ar jiha, wane kuɗi ake cajinsa? Abin da ake yi mana a Filato muna kuka, shi muke yi wa wasu a inda muke da rinjaye. Su Amurkawa aƙalla mai wariya kunya yake ji a gaban doka, mu kuwa mun shigar da abin cikin kundi: sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci, sashe na 147 kuma ya ce a ɗauko minista daga kowace jiha kuma lalle ya zama ɗan asalinta. Baƙo a Amurka shekara 5 da girin kad ya isa ya nemi zama ɗan ƙasa, a Najeriya sai 15. Wani Alhaji ɗan zangon Kumasi da muke salla tare yakan tuna mini korar baƙi da Busia ya yi a Ghana a 1969, ni kuma ba na iya ɗaga kai, don na san korar baƙi, ciki har da 'yan Ghana, da gwamnatin Shagari ta yi a 1983. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne babban mutum da zai sa matarsa a jirgi ta zo ta haihu a Houston don jariri ya samu fasfon Amurka, ya koma gida ya zauna a kujera ya ce wa wanda aka haifi ubansa a garin ba ɗan gari ba ne.

Batun kaya kuma, a taƙaice. Wuta ba a ɗaukewa, amma takardar kuɗin ɗumama gida a watan Janairu za ta sa ka yi salati. Asibiti akwai kayan aiki, sai dai mutum yana ciwo yana roƙon kada a kira masa motar asibiti saboda kuɗin da zai biyo baya. Kaza da madara da shinkafa araha in ka gwada da albashi, doya da goro kuwa sai ranar biki. Kuka da daddawa ana samu a shagunan 'yan Afirka, amma ƙamshin ya gudu a hanya. Maƙwabci zai share maka ƙanƙara a ƙofar gida bai san sunanka ba, kuma in ka yi sati kwance ba zai ƙwanƙwasa ya ce ya jiki ba. Masu niyyar aiko mini da kilishi ta hannun matafiya, don Allah ku bari, kwastan ba sa barin nama ya shigo, kwandon shara yake ƙarewa. Yaji da kuɓewa busasshiya dai a ci gaba da turowa.